Albiruni, Malamin da Ya Auna Duniya

Idan kaka ta wuce, an yanke dawa an kwashe kara, sai gonakin ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi su zama fili fetal. A wannan lokaci yaron da ya fita kiwo bayan gari yana iya hangen nesa ta tsakanin itatuwan kuka da ɗorawa, har ya ga can inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa. Yara da yawa sun taɓa ƙudurta zuwa wurin nan su ga abin da ke bayansa. Amma kome tafiyar da mutum ya yi, sai ya ga wurin yana ta ja da baya, ba ya cim masa. In kuwa ya hau kan rimi, sai ya hango ƙauyukan da ba ya iya gani daga ƙasa.

Me ya kawo haka? Tun zamanin da mutane suke ta gardama a kan wannan al'amari. Waɗansu suna cewa duniya a shimfiɗe take kamar faifai, tana da bango a ƙarshenta. Waɗansu kuma suna cewa a dunƙule take kamar lemo, doronta ne ke ɓoye mana abin da ke nesa. Yau za ku ji labarin wani malami Musulmi wanda bai tsaya ga gardamar baki ba. Shi dutse ya hau da abin awo a hannunsa, ya auna girman duniya tun shekara dubu da suka wuce. Sunansa Abu Raihan Muhammadu ɗan Ahmadu, amma an fi saninsa da Albiruni.

Ƙuruciyarsa

An haifi Albiruni a shekara ta 973, watau shekara ta 362 bayan Hijira, a bayan garin wani birni da ake kira Kat, a ƙasar Huwarizam. Ƙasar nan tana can arewa maso gabas da Makka, tafiyar watanni a kan raƙumi, a bakin wani babban kogi mai suna Amu Darya. Yanzu wurin yana cikin ƙasar Uzbekistan. An ce ma'anar sunan Albiruni mutumin waje, domin ba a cikin birni aka haife shi ba, kamar dai yadda Kanawa ke rarrabe mutanen cikin gari da na waje. In kuna so ku san daɗewar zamaninsa, to, bisa ga lissafin masu tarihi, yana ɗan shekara 26 Bagauda ya zama Sarkin Kano na farko.

Albiruni ba ɗan sarauta ba ne, amma Allah ya haɗa shi da wani ɗan sarki mai suna Abu Nasaru Mansur, wanda ya shahara a ilmin lissafi da na taurari. Shi ne ya ɗauke shi ya koya masa karatu. A gida yaron yana magana da harshen ƙasarsu, amma da Larabci yake rubutu, kamar yadda malamanmu ke yi.

Kafin mu ci gaba, sai ku riƙe wata kalma guda. Masana suna raba kowane da'ira kashi 360, kowane kashi kuwa ana kiransa digiri. Daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar kanku digiri 90 ne. Da digiri ake auna yadda rana ko tauraro ya ɗaga a sama. Albiruni yana ɗan shekara 17 ya sami wani zobe babba wanda aka tsattsaga gefensa rabin digiri rabin digiri. Da shi ya auna tsayin rana da tsakar rana, ya yi lissafi, ya gano inda garinsu yake tsakanin kudu da arewa. Tun daga ran nan har ya tsufa bai daina awo ba.

Faifai ko lemo?

A zamanin Albiruni an riga an juya littattafan masanan Yunan zuwa Larabci a birnin Bagadaza. A cikinsu ya karanta hujjojin da ke nuna duniya a dunƙule take. Bai karɓe su haka kawai ba, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gwada. Ga uku daga cikinsu, ku ma kuna iya dubawa.

Ta farko, taurari. Akwai wani tauraro a arewa wanda kusan ba ya gusawa daga wurinsa duk dare. A Kano ana ganinsa digiri 12 sama da mahaɗar sama da ƙasa. Mai ayarin da ya isa Agadas zai gan shi ya hau digiri 17. Wanda ya gangara Ikko kuwa zai gan shi ya sauka, bai kai digiri 7 ba. Da ƙasa a shimfiɗe take, da tauraro mai nisa haka bai sauya wuri ba don ɗan tafiyar da mutum ya yi. Hawan doron ƙasa ne ke sa ya ɗaga, gangarawa kuma ta sa ya sauka.

Ta biyu, abin da ke nesa. Matafiyi a hamada yakan ga kan dutse tun bai ga gindinsa ba. Wanda ke tsaye a bakin teku kuma, in jirgin ruwa yana zuwa, samansa yake fara gani, sa'an nan cikinsa ya ɓullo sannu a hankali, sai ka ce mai hawowa daga bayan tudu. Mutum mai matsakaicin tsawo, a fili marar itatuwa, ba ya ganin ƙasar da ta wuce kilomita 5. In ya hau itace mai tsawon mita 20, sai ganinsa ya kai kilomita 16. Ba idonsa ne ya ƙara ƙarfi ba, leƙa bayan doron ya yi.

Ta uku, husufin wata. A garuruwanmu in an yi husufi akan ce rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwanaye, manya su tafi masallaci. Abin da ke faruwa shi ne duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa a kan wata. To, ku lura, bakin inuwar nan kullum a lanƙwashe yake. Ku ɗauki faifai ku riƙe gaban fitila. In kun fuskantar da shi, inuwarsa a kewaye take, amma in kun juya gefensa sai ta zama siririya kamar sanda. Sa'an nan ku ɗauki lemo. Ta ko'ina kuka juya shi, inuwarsa a kewaye take.

Masu cewa faifai ce su ma suna da tambayoyinsu, ba kuwa na wauta ba ne. Sukan tambaya me ya sa muke ganin ƙasa a miƙe. Amsa ita ce girmanta. Tururuwar da ke tafiya a kan ƙaton duma ba ta ganin lanƙwasarsa, ɗan wurin da ke gabanta kaɗai take gani. Sukan kuma tambaya me ya hana mutanen da ke ɗaya gefen su zube. Albiruni ya rubuta amsar da masana suka bayar, cewa duk abu mai nauyi tsakiyar duniya yake nufa. Saboda haka kowa a inda yake, ƙasa tana ƙarƙashin ƙafarsa, sama tana bisa kansa. Manyan malaman addini ma sun yi magana a kai. Ibnu Hazmi na ƙasar Andalus, wanda ya yi zamani da Albiruni, ya rubuta cewa duniya a dunƙule take, kuma shugabannin malamai ba su yi musun haka ba.

Wata ɗaya, garuruwa biyu

A shekara ta 995 yaƙi ya tashi a Huwarizam, aka kashe sarkin Kat, gidan sarautar da ya riƙe Albiruni ya watse. Ya gudu zuwa birnin Rayyi a ƙasar Farisa, kusa da inda Tehran take yanzu. A can ya sha talauci ƙwarai, har wani mai duba taurari ya raina shi saboda ba shi da ko anini. Duk da haka bai bar karatu ba.

Bayan ƙura ta lafa ya koma Kat. Lissafi ya nuna masa za a yi husufin wata a shekara ta 997. Sai ya shirya da wani dattijon masani na Bagadaza, Abul Wafa, cewa kowannensu ya zauna a garinsa ya dubi husufin, ya rubuta lokacin da ya gan shi bisa ga lokacin garinsu. A daren 24 ga watan Mayu kowa ya yi nasa aiki. Da suka gwama abin da suka rubuta, sai suka ga lokacin Kat ya riga na Bagadaza da wajen sa'a guda.

Ku duba abin da wannan ya nuna. Wata ɗaya ne, inuwa ɗaya ce, a lokaci guda suka ɗaga kai suka gani. Amma dare ya fi nisa a Kat, domin rana ta riga faɗuwa a can. Da duniya faifai ce, da rana ta faɗi ga kowa a lokaci ɗaya. Mu ma muna ganin haka da azumi. Mutanen Maiduguri sukan sha ruwa wajen rabin sa'a kafin mutanen Sakkwato, mutanen Makka kuwa sukan riga na Kano da wajen sa'a 2. Kowace sa'a guda daidai take da digiri 15 na kewayen duniya, saboda haka da husufin nan suka san nisan da ke tsakanin garuruwansu daga gabas zuwa yamma, ba wanda ya taka ko taki ɗaya.

Awon igiya

Sanin cewa duniya a dunƙule take bai ishi Albiruni ba. So yake ya san girmanta. Waɗansu sun riga shi gwadawa. Tun fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani a Masar mai suna Iratostinis ya gwama inuwar rana a Asuwan da ta Iskandariya, ya lissafa kewayen duniya. Sa'an nan wajen shekara ta 830 Halifa Mamunu na Bagadaza ya aiki masanansa filin Sinjar. Suka rabu biyu, waɗansu suka yi arewa, waɗansu suka yi kudu, suna auna hanya da igiya da turaku, suna kuma duban sama, har kowane rukuni ya cika digiri ɗaya. Suka sami digiri ɗaya wajen mil 56 ne irin na Larabawa, wanda kowane ɗaya ya kusa kilomita 2.

In kuna so ku gane wahalar aikin nan, ku tuna da hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ɗambatta da Kazaure ta shiga Daura. Daga Kano zuwa Daura kusan digiri ɗaya ne cif. Watau kamar a ce ku auna wannan tafiya duka da igiya, a miƙe, ba kauce wa kududdufi ko gona. In an jera irin wannan tafiya sau 360, an kewaye duniya ke nan, kimanin kilomita 40,000.

Albiruni ya so ya sake awon da kansa. Lokacin da yake zaune a fadar Sarki Ƙabusu na Jurjan, inda ya rubuta littafinsa na tarihin kalandun al'ummai wajen shekara ta 1000, har ya zaɓi filin da zai yi aikin. Amma aiki ne mai son mutane da dabbobi da guzuri, shi kuwa bai sami mai taimakonsa ba. Ya haƙura ya bar shi, amma abin bai fita daga ransa ba.

A hannun Sarki Mahmudu

Albiruni ya koma ƙasarsu, ya zama babban mutum a fada. Amma a shekara ta 1017 Sarki Mahmudu na Gazna, a ƙasar Afganistan ta yanzu, ya kawo yaƙi ya ci Huwarizam. Ya kwashi malaman ƙasar ya tafi da su birninsa, har da Albiruni. Mahmudu mayaƙi ne mai zafin rai, zama kusa da shi kuwa kamar zama kusa da wuta ne.

Shekara guda bayan haka Albiruni yana wani ƙauye kusa da Kabul, cikin baƙin ciki, ba shi da kayan aikinsa ko ɗaya. Sai ya ɗauki allon lissafi, ya zana rubu'in da'ira a bayansa, ya tsattsaga digiri, ya rataya zare da ɗan abu mai nauyi a bakinsa. Da wannan ya auna rana, ya gano matsayin wurin. Kun ga, rashin kayan aiki bai zama masa dalilin zama ba.

Wani marubuci mai suna Yaƙutu ya ba da labarin abin da ya faru wata rana a fadar Gazna. Wani manzo ya zo daga ƙasashe masu nisa, ya faɗa wa Sarki cewa akwai inda ya ga rana tana kewaya sama ba ta faɗuwa, dare ba ya yi. Sarki ya husata, ya ɗauka mutumin ɗan bidi'a ne mai son ɓata addini. Irin wannan zargi a fadar Mahmudu yana iya cin ran mutum. Sai aka tambayi Albiruni. Ya tashi ya bayyana wa Sarki yadda abin yake a taƙaice, har Sarki ya gamsu, manzon ya kuɓuta.

Gaskiya manzon ya faɗa. A arewacin ƙasar Norwe, a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa. Ku gwada da duma da fitila a ɗaki mai duhu. Ku ɗan karkata kan duman wajen fitilar, ku riƙa juya shi. Za ku ga cikinsa yana shiga haske yana shiga duhu, amma kansa yana cikin haske koyaushe. A kan faifai haka ba ta yiwuwa. Ashe sanin siffar duniya har rai yana ceta.

A kan dutsen Nandana

Sarki Mahmudu ya yi ta kai yaƙi ƙasar Hindu, ta haka Albiruni ya sami shiga ƙasar. Sojoji ganima suke nema, shi kuwa ilmi. Ya zauna da malaman Hindu, ya koyi harshen littattafansu da ake kira Sanskirit, alhali ya ba shekara 40 baya. A can ma ya tarar da gardamar nan. Littattafansu na labarun da sun ce ƙasa a shimfiɗe take, da wani babban dutse a tsakiyarta. Masanansu na taurari kuwa, irin su Barahmagupta, sun ce a dunƙule take. Albiruni ya rubuta maganar kowane ɓangare yadda masu ita suka faɗe ta, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya gama littafinsa na ƙasar Hindu wajen shekara ta 1030, ya kuma buɗe shi da wata magana wadda ma'anarta ta yi kusa da karin maganarmu, gani ya kori ji.

A cikin tafiye-tafiyen nan ya zauna a wata ganuwa da ake kira Nandana, wadda yanzu ke cikin ƙasar Pakistan. Kusa da ita akwai dutse mai tsawo, a kudu da dutsen kuma fili ne shimfiɗaɗɗe iyakar ganin ido. Da ya ga wurin, sai ya tuna da wata dabara ta auna duniya wadda ba ta bukatar igiya ko ayari. Shi da kansa ya faɗa cewa wani masani na zamanin Mamunu, Sanadu ɗan Ali, ya riga shi gwada ta. Bai ci haƙƙin wanda ya riga shi ba.

Da farko sai da ya san tsawon dutsen. Ba a saka wa dutse igiya kamar rijiya, saboda haka daga ƙasa ya hange shi da abin awo, ya yi lissafi. Ku ma kuna iya sanin tsawon rimi ba ku hau ba. Ku kafa sanda mai kamu ɗaya a rana. Lokacin da inuwarta ta zama kamu ɗaya, to, inuwar rimin ma daidai take da tsawonsa, sai ku auna ta a ƙasa. Dabarar Albiruni ta fi wannan zurfi, amma danginsu ɗaya. Ya sami tsawon dutsen kamu 652 da ɗan ɗoriya, watau fiye da mita 300.

Sa'an nan ya hau ƙololuwar dutsen. Ya daidaita abin awonsa ya dubi gabansa sak, bai ɗaga ba, bai sunkuyar ba. Sai ya ga mahaɗar sama da ƙasa ba ta kai daidai idonsa ba, tana ƙasa kaɗan. Ya sunkuyar da abin awon sannu sannu har ya same ta. In an raba digiri ɗaya kashi 60, sunkuyawar da ya yi kashi 34 ce, watau rabin digiri da ɗan kaɗan.

Ɗan wannan abu shi ne doron duniya, ga shi an kama shi da awo. Ku yi tunanin tururuwa biyu, kowace ta hau ƙwayar gero. Ɗaya tana kan lemo, ɗaya tana kan ƙaton duma. Ta kan lemo sai ta sunkuya da yawa kafin ta ga inda lemon ya ɓace mata, gama lanƙwasarsa mai tsanani ce. Ta kan duma kuwa kaɗan za ta sunkuya. Saboda haka wanda ya san tsawon abin da ya hau, ya kuma san yawan sunkuyawar da ya yi, lissafi zai gaya masa girman abin da yake kai.

Albiruni ya sauko ya zauna da allonsa. Lissafinsa ya ba shi digiri ɗaya mil 56 saura kaɗan, kusan daidai da abin da mutanen Mamunu suka samu da igiya shekara 200 kafinsa. Waɗanda suka juya lissafin zuwa awon zamani sun ce ya sami kimanin kilomita 6,340 daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta. Awon yau ya ba da kilomita 6,371. Bambancin bai kai nisan Kano zuwa Ɗambatta ba.

Masanan yau sun ce akwai sa'a a cikin wannan dacewa, domin iska tana ɗan karkata hasken da ke zuwa daga nesa, kuma kuskure ƙanƙane a awon digiri yana zama babba a lissafi. Albiruni ma bai yi alfahari da nasa ba. Ya ce awonsa shaida ne ga na mutanen Mamunu, ya kuma ci gaba da aiki da nasu, domin kayan aikinsu sun fi nasa kyau, sun kuma fi shi shan wahala. Hanya biyu dabam dabam sun kai gida ɗaya, wannan shi ne abin da ya kwantar masa da rai.

Amfanin awon

Wataƙila wani zai tambaya ina amfanin wannan wahala. Albiruni ya amsa da littafi guda, wanda ya gama a shekara ta 1025, a kan yadda ake sanin matsayin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu. Babban nufinsa shi ne ya gano alƙiblar Gazna daidai. Mu nan mukan ce wa alƙibla gabas, domin Makka tana gabas da mu, an ɗan karkata arewa. Mutanen Gazna kuwa yamma suke fuskanta, su ɗan karkata kudu. Ba a samun alƙiblar gari mai nisa daidai sai an yi lissafi da dunƙulewar duniya. Haka kuma lokutan salla, da hanyar matafiya a hamada da teku.

Sarki Mahmudu ya rasu a shekara ta 1030, ɗansa Mas'udu ya gaje shi. Shi ya girmama Albiruni ƙwarai. Albiruni ya rubuta babban littafinsa na ilmin taurari ya sa masa sunan Alƙanunul Mas'udi, a cikinsa ya jera hujjojin dunƙulewar duniya. An ce Sarki ya aiko masa da azurfa kayan giwa guda tukwici, amma ya mayar da ita baitulmali, domin ba ya bukatarta. An kuma ce hannunsa ba ya rabuwa da alƙalami sai kwana biyu a shekara, ranakun idin ƙasarsu, da yake tanadin abinci da tufafi. Ya rubuta littattafai fiye da 140, a kan taurari da lissafi da tarihi da duwatsu masu daraja da magunguna. Kaɗan ne daga cikinsu suka iso zamaninmu.

Kada ku zaci bai taɓa kuskure ba. Ya ji maganar masu cewa duniya ce ke juyawa, ya auna ta, ya ce lissafin taurari bai isa ya ƙaryata ta ba, amma a ƙarshe ya tsaya a kan cewa duniya a tsaye take. Yau mun san tana juyawa sau ɗaya kowace kwana, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara. Waɗanda suka gano haka hanyarsa suka bi, ta dubawa da aunawa.

Rasuwarsa

Albiruni ya rasu a Gazna wajen shekara ta 1050, ya kusa shekara 80. Yaƙutu ya ba da labarin cewa yana kan gargara wani abokinsa masanin fiƙihu ya zo duba shi. Sai Albiruni ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gado da suka taɓa tattaunawa. Abokin ya ji tausayinsa, ya nuna masa ba lokacin wannan ba ne. Albiruni ya nuna masa cewa ya bar duniya yana sane da mas'alar ya fi masa ya bar ta yana jahiltarta. Abokin ya warware masa, ya yi sallama ya fita. Bai yi nisa ba sai ya ji kuka ya tashi a gidan.

Bayansa an ci gaba da tabbatar da abin da ya auna. A shekara ta 1519 jiragen ruwan Majalan suka tashi daga ƙasar Sifen suka nufi yamma, a shekara ta 1522 ɗaya daga cikinsu ya komo gida ta gabas da mutum 18. A shekara ta 1961 Yuri Gagarin na ƙasar Rasha ya kewaye duniya a kumbo, ya ga doronta da idonsa. An kuma gane cewa ba dunƙulalliya ce sak ba, ta ɗan taushe a ƙarshenta na arewa da na kudu. Garin da aka haifi Albiruni yanzu sunansa yake ɗauke da shi, akwai kuma wani rami a kan wata da aka sa wa sunansa. Ƙasarmu ma ba a bar ta a baya ba wajen irin wannan ilmi. Malam Muhammadu Alkashinawi ya tashi daga Katsina ya tafi hajji, ya rubuta littattafai a kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1741.

In an sake yin husufin wata a garinku, ku fito tsakar gida ku dubi bakin inuwar da kyau, ku ga ko a miƙe yake ko a lanƙwashe. Kashegari ku zo ku gaya wa malaminku abin da idonku ya gani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Albiruni, kuma mece ce ma'anar sunansa?
2. Kawo hujjoji uku da ke nuna duniya a dunƙule take.
3. Me ya sa mutanen Maiduguri ke riga na Sakkwato shan ruwa da azumi?
4. Waɗanne abubuwa biyu Albiruni ya auna a Nandana?
5. Me ya sa ya ci gaba da aiki da awon mutanen Mamunu, ya bar nasa?
6. Ku kafa sanda mai kamu ɗaya a filin makaranta, ku auna tsawon itacen da ya fi kowane tsawo ta hanyar inuwarsa.